Abin da ke kumbura gorar zoɓo

Duk mai ɗura zoɓo a gora ya san alamar: kwana uku ko huɗu gindin roba ya turo, a buɗe murfi ya yi tsit, ƙamshin citta ya koma warin giya. Aikin yis ne. Tsamin zoɓo yana korar yawancin ƙwayoyin cuta, amma yis bai damu da shi ba. Sukari yake ci, ya fitar da iska da barasa.

Daga ina yake shiga, alhali an tafasa ganyen? Bayan an sauke tukunya ne. Ɗanyar abarba ko kokwamba da aka markaɗa aka zuba a zoɓon da ya huce, tsummar tata da ta kwana da danshi, tsohuwar gora da aka ɗauraye sama-sama. Shi ya sa a wurinmu komai ke shiga tukunya, har sukari, a kai zafi digiri 85, a ɗura da zafinsa, a rufe, a kifa kwalbar minti biyu don ruwan ya ƙona cikin murfi. Sai dai robar ruwan sha ba ta jure wannan zafi, lanƙwashewa take. Kwalba ake nema ko roba mai ɗaukar zafi.

Garin sodiyam benzowet, maganin hana abin sha lalacewa, yana taimakawa, kimanin giram 5 a lita 20, da sikeli, ba da cokali ba. Amma sai cikin tsami yake aiki, ƙasa da 4.5 a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru. Mai jefa kanwa don kashe tsamin zoɓo, in ta yi yawa, ya kashe maganin da hannunsa. Kada kuma a haɗa shi da bitamin C a bar kaya a rana, domin suna iya haifar da sinadarin benzin mai illa. Akwai ma wani yis, Zygosaccharomyces bailii, da ke jure maganin. In ya samu wurin zama a tiyo ko famfon ɗuri, sai an kwance an wanke da tafasasshen ruwa.

Kunun aya kuwa wata duniya ce. Ba shi da tsami, don haka benzowet asarar kuɗi ce a cikinsa, in an tafasa shi kuma sitacin aya ya kama kamar koko. Manyan masana'antu kan sa sinadarin amiles ya narkar da sitacin kafin dumamawa. Ƙaramin mai sana'a sanyi ne gatansa: ƙasa da digiri 5, a yi daidai cinikin yini, ranar da babu wuta kuma a rage awo.