Waya mai murfi a aljihun baƙo a Japan

Duk wanda ya zo zama Japan, kafin ya san hanyar masallaci ko shagon naman halal, maganar lambar waya ce za ta fara tare shi. Katin zama na baƙi a filin jirgi ake ba ka, kana da kwana 14 bayan samun masauki ka je ofishin ƙaramar hukuma a rubuta adireshinka a bayansa. Daga nan kai-komo ya fara. Banki na son lambar ƙasar kafin ya buɗe maka asusu, kamfanin waya na son asusun da zai riƙa cirar kuɗinsa duk wata, mai gidan haya ma sai ya tambayi lamba. Layin da ka taho da shi daga gida ba ya cikin lissafi.

Wanda ya warware mini wannan ƙulli shi ne maigidana a wurin aiki, wani dattijo mai kamfanin sayen tsofaffin motoci a lardin Chiba, gabas da Tokiyo. Muna kwance injina da fitilu da ƙofofi, mu loda a kwantena, ta bi ta tashar Yokohama zuwa Legas ko Kwatano, wasu kayan kuma su ƙare a Ƙofar Ruwa ta Kano. Shi ya miƙo mini wayar kamfani, baƙa, mai murfi, ya ce in riƙa rubuta lambarta a takardu har in samu tawa.

A ido, irin wayoyin nan ne da muka riƙe a da: a buɗe, ga allo a sama, ga maɓallai a ƙasa. Amma cikinta Android ne. Tana kan 4G, tana kama Wi-Fi da Bluetooth, tana buɗe intanet da imel, ruwa ko ƙura ba sa yi mata komai, caji ɗaya kuma ya kai ni kwanaki. Abin da babu shi ne Google Play, don haka ba ka sauke manhajar da ka ga dama. Garaho suke ce mata, kuma kamfanin Sharp ne ya fito da ta farko mai wannan suna a 2015, AQUOS K, a kan layin kamfanin waya mai suna au.

Sai da na kwana biyu na fahimci dalilin da ya sa ƙasar da ta ci gaba haka ba ta saki wannan siffar ba. Mutanen nan ba daga ƙaramar waya suka tsallaka zuwa wayar shafa ba kamar yadda muka yi. Tun 1999 kamfanin Docomo ya buɗe i-mode, tsarin intanet na ƙaramar waya, suna karanta labarai da aika imel a wayar hannu. A 2000 Sharp ya saka kyamara a waya. A 2004 aka fara biyan kuɗi a shago da taɓa waya a jikin na'ura, a 2006 kuma suna kallon talabijin a cikinta. Lokacin da iPhone ta shigo ta hannun SoftBank a 2008, ta tarar da mutanen da wayarsu mai murfi ta riga ta yi musu kusan komai. Matasa sun koma wa sabuwar, yau ma iPhone ce ta cika jiragen ƙasa. Amma akwai jama'a da dama da suka ce su dai a bar musu murfinsu da maɓallansu, a sabunta abin da ke ciki kawai.

A filin aikinmu ba sai an yi wa kowa bayani ba. Hannunka cikin safar aiki, duk baƙin mai, direban babbar mota ya kira yana tambayar ƙofar da zai shigo. Ka buɗe da babban yatsa, ka yi magana, ka rufe, kira ya yanke. Ta faɗi kan siminti, murfin ya kare allon. Tsawonta ya kai daga kunne zuwa baki, ana jin ka ko injin yanka ƙarfe na kuka. Akwai ma samfurin da ake ƙerawa babu kyamara sam, don masana'antun da ba a yarda a ɗauki hoto a cikinsu ba. Ma'aikatan ofis da yawa waya biyu suke ɗauka: mai murfi ta kamfani don kira, ta shafa don harkar kansu.

Ni ma haka na koma, bisa tilas da farko, domin WhatsApp ba ya hawa mai murfin, gida kuwa ba a samun su sai ta nan. Da na buɗe asusu na sayi layi a tsohuwar wayata. Tsakaninmu da Najeriya awa takwas ne, ina tashi daga aiki su hantsi ya yi musu, saƙonnin murya na Inna da na Yaya na jira na. Wannan rabuwar ta yi mini amfani ƙwarai. Da rana ina Japan gaba ɗaya, da dare ina gida gaba ɗaya. Na ga 'yan'uwa baƙi da suke yini rabin hankalinsu na rukunin 'yan unguwarsu, shekara ta zagayo ba su iya gaisuwar kirki da maƙwabci ba, kuma abin yana damuna.

Wayar nan ce ta koya mini harshen. Babu manhajar fassara da zan fake a bayanta, idan ta yi ƙara dole in ɗauka in ce moshi moshi, gaisuwarsu ta ɗaga waya, in faɗi sunan kamfani kafin nawa, in saurara da kyau. Rubutu kuma maɓallan ne suka zama mini allo: lamba 1 tana ɗauke da a, i, u, e, o, lamba 2 ka, ki, ku, ke, ko, haka har ƙasa, daidai da jerin baƙaƙen da yaransu ke koya. Wannan tsarin ya shiga jinin mutanen har a wayar shafa ma yawancinsu shi suke amfani da shi maimakon na kwamfuta.

Inda na ga ainihin buƙatar kuwa shi ne wajen tsohuwar da nake haya a gidanta. Ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune a ƙasa, ni a sama. Oya-san, wato mai gidan haya, nake ce mata a gabanta, a raina kuwa Iya ce. Wayarta Raku-Raku ce, irin wadda Fujitsu ya fara ƙera wa Docomo tun 2001 musamman don tsofaffi. A ƙarƙashin allon akwai manyan maɓallai uku. Na ɗaya 'yarta ce, na biyu asibiti, na uku yanzu ni ne. Wayar tana ƙara ƙarfin murya, tana ƙidaya takun da ta yi a yini, idan baƙuwar lamba ta kira tana gargaɗin cewa ana naɗar maganar, saboda 'yan damfarar da ke kiran tsofaffi suna cewa "ni ne, ni ne" kamar ɗansu ne ya shiga matsala. Gargaɗin girgizar ƙasa ma yana shigowa ta cikinta da ƙararsa mai tsinka zuciya, daidai da kowace waya mai tsada. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce. Wannan ba 'yan tsiraru ba ne da za a ce su yi haƙuri su bi zamani.

Abin da ya tayar da maganar a 'yan shekarun nan shi ne rufe 3G. Kamfanin au ya rufe nasa a ƙarshen Maris 2022, SoftBank a 2024, Docomo kuma ya sa ranar 31 ga Maris 2026, tare da i-mode ɗin kansa. Duk tsohuwar waya da ke kan wannan layin ta zama ƙarfe. Na raka Iya shago lokacin da takardar sanarwa ta iso mata. Ma'aikaciyar ta nuna mata wayar shafa mai manyan haruffa cikin ladabi. Iya ta taɓa, yatsanta busasshe allon bai ji ba, ta sake taɓawa ya buɗe wani abu daban. Ta ajiye ta ce a ba ta irin tata, mai 4G. Ta ce maɓalli idan ka danna ka san ka danna. Ban ga kuskure a maganarta ba ko kaɗan.

Wani zai ce ai ga Galaxy Z Flip da Motorola razr, su ma ninkewa suke. Suna nan, 'yan mata da samari na son su, tsadaddunsu sun haura yen 100,000. Amma allo ne aka naɗe biyu, babu maɓalli, kuma ba su Iya ko direbobinmu ke nema ba.

Damuwata ita ce masu ƙera ta ainihin suna raguwa. Kamfanin FCNT, wanda ya gaji sashen wayoyin Fujitsu, ya durƙushe a 2023 sai da Lenovo ya karɓe shi. A shekarar Kyocera ya sanar da rage harkar wayoyin jama'a ya fi mayar da hankali kan na kamfanoni. A gefe guda kuma rayuwa na ta komawa cikin manhaja: biyan kuɗi da PayPay, odar abinci da hoton lambar QR a kan tebur, layin ganin likita a wasu wuraren. Mai waya mai murfi yana tsayawa a gaban waɗannan kamar yadda na tsaya a gaban takardun banki a makon farko, kowa na wucewa, shi bai san ta inda zai shiga ba. Na san zafin wannan tsayuwar, shi ya sa nake ganin bai dace a bar wanda ya gina ƙasar da hannunsa ya ɗanɗana shi a garinsu ba.

Yanzu mun yi tsari da Iya. Idan abu ya zo da sai da manhaja, ta danna lamba uku in sauko da wayata ta shafa. Idan wasiƙar haraji ko ta inshorar lafiya ta zo mini cike da kanji, baƙaƙen rubutunsu masu wuya da ban kai gare su ba, ni nake sauka da ita, ta sa tabarau ta karanta mini layi-layi, ta nuna mini inda zan buga hatimi.