Ambulan biyu, yara uku

Talata, 15 ga Oktoba, 2024. Kolombus, Ohayo.

Yau dai takardun neman wa yaran mijina bizar zama a Amurka sun bar hannunmu. Da jiya za su tafi, sai ya kasance ranar hutun gwamnatin tarayya ce, gidan waya a rufe, suka ƙara kwana a kan tebur. Na dawo daga aikin dare ban yarda na kwanta ba, don na san idan na sa kai a matashi sai azahar. Abbansu ya nemi rabin yini a wurin aiki, muka yi sallah, na dafa shayi mai citta, muka zauna duba na ƙarshe.

Mutanen gida suna ta tambayata me ya sa ni ce nake cike wa yaran fom alhali ubansu yana nan da ransa. Dalilin ba wani boyayye ba ne. Ni ina da shaidar zama 'yar ƙasa, shi kuwa girin kad gare shi, wato katin izinin zama a ƙasar. Idan ni na nema musu, hukumar shige da fice ta USCIS tana lissafa su cikin iyali na kusa, waɗanda ba a ƙayyade yawan bizarsu a shekara ba, da zarar an amince da fayil sai a wuce mataki na gaba. Idan shi ya nema, sai su shiga layin da ake ce wa F2A, wanda ke da adadi duk shekara, kuma a jadawalin biza na wannan wata waɗanda suka shigar tun ƙarshen 2021 ne ake kaiwa kansu. Fom ɗin dai ɗaya ne, I-130, shafi 12, amma kowane yaro da nasa fom ɗin, da nasa kuɗin. Ba a goya yaro a fayil ɗin ɗan'uwansa.

Sai dai akwai sharaɗi guda, kuma shi ne ya raba mana yaran gida biyu. Dokar Amurka ba ta ɗaukar matar uba a matsayin uwa sai idan an ɗaura auren kafin yaron ya cika shekara 18. An ɗaura aurenmu a Zariya a watan Agustan 2022. Lokacin na tsakiyan yana da 14, autar tana da 9, su biyun ba matsala. Babbar kuwa ta cika 18 da wata uku. Wata uku kacal. Ita ce ta riƙe mini mayafi ranar da aka kai ni gaida Hajiya, ita ce ta fara kirana Anti kafin ƙannenta su saki jiki da ni, amma a takarda ni da ita babu abin da ya haɗa mu. Babu roƙo, babu wasiƙar da za a rubuta a ce a duba. Don haka nata fayil ɗin da sunan ubanta muka cike, ya shiga ambulan daban.

Abin da ya fi cin lokaci a watannin nan ba fom ɗin ba ne, shaidun da ke bayansa ne. Nawa masu sauƙi ne: fotokwafin takardar zama 'yar ƙasa da takardar aurenmu. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa aurensa na farko ya ƙare kafin namu, domin a nan ba a san mata biyu ba, kuma idan ba a ga ƙarshen wancan auren a rubuce ba, nawa auren ne zai zama ba aure ba a idonsu. A gida kowa ya san yadda ake yi, miji ya rubuta takarda da hannunsa, a ba waliyyi, mace ta yi idda, magana ta ƙare. Wannan 'yar takarda ba ta isa a nan ba. Tun lokacin da nake nema wa shi Abbansu muka samo shaidar rabuwa daga kotun Shari'a mai hatimi, Allah ya sa ban yar da kwafin ba. Da Hausa aka rubuta ta, saboda haka dole a haɗa da fassarar Turanci, mai fassarar kuma ya rubuta a ƙasa cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar cikakkiya ce, ya sa hannu. Wani malami da muke sallar Juma'a masallaci ɗaya da shi ya yi mana, ya ƙi karɓar ko sisi. Na aika wa iyalinsa kilishi cikin wanda aka kawo mini, shi ke nan.

Sai takardun haihuwa. Na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake so, ba katin asibiti ba, ba kuma takardar rantsuwar shekaru da ake yi a gaban kotu kawai ba. Na autar an yi shi tun tana jaririya, lafiya lau. Na na tsakiyan an yi rajistarsa ne sai da zai shiga sakandare, kuma irin wannan rajistar ta baya-baya tana sa su ƙara bincike. Muka haɗa da katin rigakafinsa da sakamakon firamare, duk masu nuna sunan uba da ranar haihuwa. Ga kuma rikicin rubutun suna, wanda duk ɗan Arewa ya sani: a wata takarda an rubuta sunan kakansu da "u", a wata da "o", a ta uku an gajarta shi. A gida babu mai ɗaga kai, a nan kuwa ma'aikacin da bai taɓa jin sunan ba zai iya ɗauka mutum uku ne. Ƙanin Abbansu ya je babbar kotu ya yi takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne. Idan duk da haka ba su gamsu ba, suna iya ba da shawarar gwajin jini na DNA, a ɗakin gwajin da suka amince da shi, da kuɗinmu. Abbansu ya ji haushin wannan magana da na fara faɗa masa, wai ɗansa da ya yanka wa rago. Na ce masa ai ba su halarci sunan ba.

Duban na yau na ƙananan abubuwa ne, waɗanda su ne ke sa a maido wa mutum fayil ba a ko buɗe cikinsa ba. Kwanan bugun fom a ƙasan kowane shafi, 04/01/24, duk shafukan iri ɗaya. Sa hannu da biro baƙi, ni a biyu, shi a ɗaya. Kwafi kawai, ban da na asali, don na asali sai ranar ganawar biza. Cek uku daban-daban, kowanne dala 675, da sunan Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a rubuce a cike ba a gajarce ba. Dala 2,025 ke nan. Da ta intanet muka tura da 625 ne kowanne, amma Abbansu mutumin takarda ne, sai ya riƙe abu a hannu yake yarda an yi shi, ni kuma ban ga abin jayayya a nan ba. Ya ɗauki waya ya buga lissafi da canjin yanzu, dala ta haura naira 1,600, ya ce sama da miliyan uku. Na ce ya daina juyawa zuwa naira in yana son barci. A saman kowane fayil na liƙa fom ɗin G-1145, don su turo saƙon waya idan sun karɓa.

Muna cikin haka Yaya ta kira daga Merilan. Ta san yau ne, kuma ta san abin da ta kira ta faɗa.

"Kin karanta takardar ɗaukar nauyin nan da kyau kuwa?"

Na ce na karanta, Yaya. Tana nufin I-864, wadda ba yanzu ake cikewa ba, sai fayil ya isa cibiyar biza ta ƙasa da ke Niyu Hamsha. A nan ne zan sa hannu cewa ni ce zan ciyar da su, kuma samuna ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci, wanda bana ga gida mai mutum huɗu dala 39,000 ne a shekara. Wannan na wuce shi, alhamdulillahi. Abin da ke damun Yaya shi ne alkawarin ba ya mutuwa da mutuwar aure. Yana kan wuyana har sai sun zama 'yan ƙasa ko sun yi aikin da ya kai kimanin shekara goma.

"Ni dai na gaya miki," in ji ta. "Tsintacciyar mage ba ta mage. Uwarsu tana raye, ranar da suka girma ita za su nema."

Na ce to ai gara su neme ta, uwarsu ce. Ban ga laifin Yaya ba, ta ga abubuwa a ƙasar nan, ta ga waɗanda aka kawo suka juya baya. Amma ni lissafina daban ne. Na auri mutum mai 'ya'ya ina sane, kuma ina ganin yadda yake ajiye cokali idan autar ta ce masa a waya an yi taron iyaye a makaranta kawunta ne ya je. Gidan da uba yake ci yana tunanin wasu bakuna a wata ƙasa ba zai taɓa zama daidai ba, ko ni kaɗai nake so in ji daɗinsa. Maman yaran kuwa, duk da fom ɗin bai tambayi ra'ayinta ba, sai da aka je har Kaduna aka same ta a gidan mijinta, ta yarda, ta sa hannu a takardar amincewa ta yin fasfo. Sharaɗinta ɗaya, kada a yanke mata waya da su. Da ba ta yarda ba da ban cike ko layi ɗaya ba.

Gidan waya babu layi sosai. Na tura ta hanyar da ake ba da lambar bibiya, na ɗauki hoton rasit ɗin na aika wa Abbansu duk da yana tsaye kusa da ni. Saura mako uku zaɓe, kuma duk wanda ke da fayil ya tuna 2020, lokacin da aka dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama har sai da aka ɗage a Janairun 2021. Ba na son siyasa a shafin nan, amma ita ma tana cikin abin da ya sa muka ƙi bari a shiga sabuwar shekara. Wani dalilin kuma, daga ranar da suka karɓi fayil ɗin ƙananan biyu, shekarunsu sun tsaya a takarda, ko an ɗauki lokaci ba za a ce sun girme wa rukuninsu ba. Gaba akwai kuɗin biza dala 325 kowanne, gwajin lafiya, takardar 'yan sanda ga na tsakiyan tunda ya kai 16, da tafiya Legas, domin a can ake ganawar bizar zama ba Abuja ba.

Ƙarfe biyu na rana a nan, bakwai na yamma a Zariya, muka kira gida. Hajiya ta yi ta sa albarka, ƙananan suka karɓi waya suna tambayar ko da gaske ƙanƙara tana zuba har gwiwa. Daga nan na ce a ba ni babbar, ta shiga ɗaki.

Tun da safe muka yi ta wannan magana da Abbansu. Shi yana ganin a ce mata kawai an tura nata ita ma, ta yi ta addu'a, kada a tayar mata da hankali tana tsakiyar karatu. Ni kuma na ce yarinyar da ta kai 20, wadda magabatan wani suka riga suka zo gaisuwa a kanta, ba a ɓoye mata abin da ya shafi rayuwarta. A ƙarshe ya ce in faɗa mata ni, ya fi sauƙi daga bakina.

Na faɗa mata duka. Cewa a watan Mayu za ta cika 21. Cewa akwai lissafin da ake yi, a cire tsawon lokacin da fayil ya yi yana jiran amincewa daga shekarunta, don haka ita kaɗai ce cikinsu jinkirin hukuma zai iya yi wa rana, amma babu tabbas. Idan lissafin bai fitar da ita ba za ta koma layin manyan 'ya'ya marasa aure, inda yanzu 'yan 2016 ake kira. Sannan babbar maganar: muddin ubanta girin kad gare shi, ranar da aka ɗaura mata aure fayil ɗin ya mutu, domin mai girin kad ba shi da ikon nema wa ɗa mai aure. Na ce mata ba ina cewa ki fasa aure ba ne, ba kuma ina cewa ki yi ba. Ba zan ce wa 'yar mutane ta zauna shekara takwas tana jiran takarda ba, ba kuma zan bari ta ji labarin nan a bakin wani bayan an shafa fatiha ba.

Ta yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sai ta ce, "Anti, in na yi aure zan iya zuwa ganinsu?"

Na ce wannan bizar ziyara ce, nema daban, sai kin gamsar da su za ki koma gida, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

"To," ta ce. "Ni dama akwai abin da nake so in tambaya. In duk muka tafi, wa zai zauna da Hajiya?"

Abbansu yana jin mu, don na buɗe muryar wayar. Watanni muna lissafin shekaru da daloli, muna ɗauka ita ce aka bari a baya, ashe ita tunaninta yana kan tsohuwar da ta raine su tun rabuwar iyayensu, wadda ciwon ƙafa ya fara hana ta zuwa ko maƙwabta. Ta ce a bar fayil ɗin yadda yake, ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba, za ta yi istihara ta kuma yi magana da Hajiya da mamanta. Na ce hakan ya yi.

Da muka ajiye waya ubanta ya daɗe bai yi magana ba, daga baya ya ce ranar Juma'a zai kira ƙaninsa su tattauna ko matarsa da yaransa za su iya dawowa gidan Hajiya idan ƙananan sun taho. Ni dai barci nake ji kamar in faɗi, kuma ƙarfe sha ɗaya na dare zan koma aiki.