Bakwai da ɗaya: musun da muka tafka kafin wasan ƙarshe na 2023

A ƙwallon zari-ruga ta ƙasa da ƙasa, sunaye 23 koci yake fitarwa: 15 da za su fara, takwas a benci. Abin da aka saba shi ne biyar daga takwas ɗin su zama 'yan gaba, ƙartin da ke turereniya, uku kuma 'yan baya masu gudu da bugu. Da koci Jacques Nienaber ya sanar da tawagar Afirka ta Kudu da za ta kara da New Zealand a wasan ƙarshe na Kofin Duniya, ranar 28 ga Oktoban 2023 a Stade de France, sai ga 'yan gaba bakwai da ɗan baya ɗaya tilo, Willie le Roux. Daga nan musu ya kaure tsakanina da yayana har ranar wasan.

Shi Yaya lamba 9 ce ta tsaya masa a rai. Mai wannan lamba shi ke ɗauko ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafafun 'yan gaba ya miƙa wa 'yan baya, kuma ba a ajiye wa Faf de Klerk, mai riƙe da ita, madadi ba. An dai ce idan ta ɓaci Cheslin Kolbe, ɗan gefe, zai riƙe wurin. Yaya ya ɗauko takarda ya rubuta lambobin 'yan baya daga 9 zuwa 15, ya riƙa soke su ɗaya-ɗaya da biro yana tambayata, “To idan wannan ya ji rauni a minti na goma, wa za ka sa?” Ya kuma tuna min cewa da wannan tsarin Ireland ta doke su 13 da 8 a wasan rukuni.

Na ce, “Yaya, ai da shi ɗin suka lallasa New Zealand 35 da 7 a Twickenham a watan Agusta.” Ya ce wancan wasan share fage ne, ba a ɗaga kofi a kansa.

A nan na lura cewa jifan juna da sakamakon baya ba ya kai mutum ko'ina, domin kowa yana da wasan da zai ɗauko. Sai na juya tambayar: wane irin wasa kocin yake hangowa? Takardar sunayen ta ba da amsa. An cire Manie Libbok, gwanin raba ƙwallo, daga cikin 23 ɗin baki ɗaya, aka ba Handré Pollard lamba 10, wato mai jagorantar 'yan baya. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, tun wajen minti 30 aka fitar da Libbok aka sa Pollard, shi ne kuma ya buga fenaritin da ya kai su 16 da 15 dab da tashi. Kocin da ya zaɓi Pollard ya cika benci da ƙarti ya riga ya faɗa maka cewa wasan ƙarfi zai yi, ya gajiyar da abokan hamayya, ya tsinci maki uku-uku ta hanyar fenariti. Kana iya ƙin salon, amma zaɓin bai saɓa wa kansa ba.

Ni damuwata tana kan lamba 2, mai jefa ƙwallo daga gefen fili, wanda kuma yake tsakiyar sahun farko a turereniya. Malcolm Marx, mai wannan lamba, ya ji rauni a gwiwa tun farkon gasar, maimakon a kira wani mai wannan matsayi sai aka kira Pollard. Saura Bongi Mbonambi, bayansa kuma Deon Fourie mai shekara 37, wanda a shekarun da suka gabaci gasar ya fi buga sahun baya na turereniya. Yawan mutane a benci bai dame ni ba kamar aikin da ba kowa zai iya yi ba. Kolbe zai iya lallaɓa lamba 9 na minti ashirin, amma jifa madaidaiciya zuwa hannun wanda aka ɗaga sama sai wanda kullum yake yin ta.

Ɓangaren New Zealand ba mu daɗe a kai ba. Yaya yana son Beauden Barrett a lamba 10, inda ya zama gwarzon duniya a 2016 da 2017, ni kuwa na ga kocinsu Ian Foster ya yi daidai da ya bar shi a 15, Richie Mo'unga a 10, Jordie Barrett a 12.

Wasan bai yi nisa ba Mbonambi ya fita da rauni, Fourie ya buga kusan dukan wasan, jifarsa kuwa ta yi ta tangarɗa. Yaya ya kalle ni bai ce komai ba. Amma abin da ya fi girgiza wasan ba ya cikin takardar kowa: jan katin da aka ba kyaftin ɗin New Zealand Sam Cane tun kafin hutun rabin lokaci. Pollard ya ci fenariti huɗu, abokin wasansa Pieter-Steph du Toit ya yi ta kayar da mutane har sau 28, Beauden ya sauke ƙwallo a bayan layi amma Mo'unga ya ɓarar da bugun da ke biyo baya, Jordie ma ya ɓarar da wani fenariti mai nisa. Aka tashi Afirka ta Kudu 12, New Zealand 11.

Tun daga nan, idan sunaye suka fito, benci nake fara dubawa, in nemi matsayin da ba shi da madadi na gaske, kafin in shiga zancen wane ya fi wane. Ba na kuma yarda a ce nasara ta wanke koci, balle ta maki ɗaya. Yaya har gobe bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma yana da hujja mai ƙarfi: de Klerk ya buga minti 80 cif, Kolben da aka tanada ya maye gurbinsa kuwa katin gargaɗi na minti goma ya fitar da shi ana saura 'yan mintuna, a benci ya ƙarasa wasan.