Sai da hannun dama ya koyi jira

Wata uku ina fama da abu ɗaya a jita ta kilasik, wato haɗa kiɗan hannun dama da na hagu, shekaranjiya da daddare dai ya zauna, shi ya sa nace bari in rubuta.

Hannun dama na ba shi da matsala shi kaɗai. Na daɗe a kan darussa 120 na Giuliani, makaɗin jita ɗan Italiya, kod (haɗin sautuka da ake kaɗawa tare) biyu ne kacal, C da G7, kana ta juya yatsu p i m a, wato babban yatsa, manuni, na tsakiya da na zobe. Ligado ma na iya, ko ka doka yatsan hagu a kan tsirkiya sauti ya hau, ko ka fizge shi sauti ya sauka. Amma da na haɗa su sai komai ya dagule.

Ga inda nake tsayawa. A kod ɗin Am, babban yatsa ya kaɗa tsirkiya ta 5, manuni ta 3, na tsakiya ya kaɗa ta 2 a buɗe, sai yatsan hagu ya doka firet na 1, wato gaɓar farko a wuyan jita, B ya koma C. Wannan sautin na huɗu aikin hagu ne, to amma yatsan zobe ya saba layinsa ne, sai ya yi wuf ya kaɗa, ni kuma in yi sauri in riga shi, kiɗan ya rinƙa ɗingishi.

Wani dattijo da nake zuwa wajensa a Tudun Wada ya saurara yace, "Ɗana, hannun damanka bai iya jira ba." Nace, "Baba ya zan yi?" Ya sa metronom, na'urar da ke buga ƙidayar kiɗa, a bugu 60 a minti, yace in ƙirga huɗu da baki, a na huɗun hannun dama ya tsaya cak amma bakina kar ya tsaya. Wallahi sati biyu ina yin wannan kawai.

Fizgewar ce ta fi ban wahala, ashe ba ɗaga yatsa ake ba, ja ake ƙasa kaɗan kamar kana kaɗawa da hagun, in ka zarce kuma ka taɓa tsirkiya ta 1 ka kashe E ɗin da ke ƙara. Ga sanyin Jos, da asuba yatsu ƙandare suke, sai na riƙe kofin shayi tukuna kafin in taɓa tsirkiyoyin nailan.

Yanzu na kai 72 a metronom, gobe zan gwada a Em.