Laraba a New Bussa: ni da warangi

Tun bayan sallar asuba nake gaban kwamfuta, shayina ma har ya huce ban sani ba. Bayanan jan taru na tafkin Kainji nake fama da su, ina son in ƙiyasta yawan warangi, ƙananan kifayen nan, da ke ciki. A takarda abin ba wuya: faɗin bakin taru sau nisan da jirgi ya ja shi, ka samu girman ruwan da aka share, sai ka raba nauyin kifin da aka kama a kai. Amma wa ya ce duk kifin da ke gaban taru yana shiga? Wani ya nutse ta ƙasa, wani ya zille ta ido, wani tun da ya ji ƙugin inji ya yi nasa wuri. Wannan kason da taru ke kamawa shi muke kira q, kuma shi ya hana ni sakat. In na ce rabi ne, kifin tafki ya ninka abin da na gani; in na ce kwata, ya ninka sau huɗu. Taru ɗaya, ruwa ɗaya.

Ga kuma sifili birjik, jan da aka yi ba a samu ko ɗaya ba. Na sa su a manhajar lissafi ta R ta yi ta gardama, sai da na raba lissafin gida biyu: yiwuwar a kama, sannan yawan abin da aka kama.

Da la'asar na gaji, na gangara bakin ruwa. Na tarar da wani dattijo Basarke yana ɗinkin kalli, yatsan ƙafarsa riƙe da zaren. Na yi masa kukan sifilina. Ya ce, "Yaro, da rana kuka ja ko da dare?" Na ce, "Duka, Baba." Ya yi dariya. Ya ce warangi da dare yake tasowa sama. Kuma lokacin farin ruwa, da laka ta gauraye tafkin, kifi ba ya hango taru kamar yadda yake hangowa in baƙin ruwa, wato ambaliyar da ba ta da laka sosai, ya iso da sanyi. Tun kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968 gidansu suke wannan sana'a.

Kunya ta kama ni, don lokacin da aka yi kowane ja yana nan cikin bayanan, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Na dawo na sa, sai ga yawancin sifilin sun jeru a jan rana. Ina cikin adana aikin aka ɗauke wuta. Gobe zan nuna wa Malam, in Allah ya kai mu.