Abin da na koya a kan siffar Jacobson, da wanda ya koya min

Tunda na miƙa tesis an sa hannu, yanzu bakina ya buɗe.

Aikina shi ne rage matiris (teburin lambobi ko alamomi a layi da kolam) zuwa siffar Jacobson, wato a mai da shi mai dayagonal kaɗai sauran gurabe duk sifili, a zobe (tsarin da ake tarawa da ninkawa a cikinsa) inda a sau b ba dole ya zama daidai da b sau a ba, musamman na ofaretoci inda ∂, alamar difarenshiyeshan, ke bin ƙa'idar ∂x = x∂ + 1. Duk wanda ya saba da siffar Smith ta 1861, takwararta a kan cikakkun lambobi, ya san amsa ɗaya ce, ni da kai ita za mu samu. To a nan ba haka abin yake ba. In kofishiyan ɗinka rashinal fankshin ne na x, dayagonal zai fito 1, 1, 1 sai wani f guda a ƙarshe, kuma f ɗin nan yana iya sauya kama, digirinsa da modul ɗin da yake bayarwa, wato tsarin aljebra da f yake wakilta, su ne ba sa motsi, abin da Nakayama da Jacobson suka gama da shi tun kafin 1945.

Sai f ɗina ya saɓa da na wani tsohon ɗalibin oga, malamin da ke duba aikina. A gaban kowa a semina oga ya ce lissafina shirme ne, ko takardar bai gama karantawa ba. Na tashi na ce ranka ya daɗe a ba ni alli, na rubuta x∂(1/x) = ∂ − 1/x, na ce ga ∂ ga wannan, ba su yi kama ba amma modul ɗaya suke bayarwa. Layi ɗaya ne fa. Ya ce wato ni zan koya masa aljebra, ya riƙe min babin har zangon karatu ya wuce ina ta zarya ofishinsa, kuma da mai jarrabawa na waje ya zo ya amince da babin ko waƙafi bai taɓa ba, oga bai ce min komai ba har yau. Wallahi abin yana ci min rai.

Shi ya sa nake ce wa na bayana, ku ajiye U da V ɗinku, wato matiris biyun da kuka ninka matiris ɗinku M da su ta hagu da ta dama, ku ninka UMV a gaban mai musu ya gani da idonsa.

Sauran ƙanana ne. Layin matiris ta hagu ake ninka shi, kolam ta dama. Ditaminan na makaranta ba ya aiki a nan sai na Dieudonné. Kofishiyan kuma suna kumbura har matiris 3×3 ya tsayar da kwamfuta, ni dai hanyar Gröbner a manhajar lissafi ta Singular ce ta fisshe ni.