Godiya ga duk wanda ya sa hannu a baje kolinmu

Alhamdu lillahi. Jiya muka rufe baje kolin ayyukanmu na ajin ƙarshe a sashen zane-zane, nan Samaru a Zariya, kuma ba zan iya yin shiru ba sai na gode wa waɗanda suka tsaya mana.

Aikina shi ne ɗan bangon ƙasa da na yi wa yaɓe na zana dagi a jikinsa. Wata biyu ina kansa. Ana gobe buɗewa hadari ya haɗo da daddare, kafin asuba ruwa ya wanke yaɓen tas, dagin ya zama taɓo a gindin bango. Na zauna a wurin ina hawaye.

Baba magini, wanda muka gayyato daga cikin birni don ya yi mana jawabi kawai, shi ya fara isowa da yaransa biyu. Ya shafa bangon da tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, ba ka sa makuba ba." Wallahi sunanta kawai na sani a littafi. Nan take ya aika yaro gida ya ɗauko wadda ya jiƙa, ta ɓawon ɗorawa, ya naɗe ƙafar wando ya shiga kwaɓa ƙasa da kansa, dattijo mai furfura. Bai zana mini dagin ba. Ya tsaya a bayana yana cewa in sassauta nan, in danna can, har ya fito. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Godiya ta musamman ga shugaban sashenmu. Da ya ga abin da ake ciki, sai ya ɗage buɗewa zuwa bayan azahar, ya tattaro ɗalibai ya ce kowa ya fito da littafi, wannan darasi ne kuma za a tambaye shi a jarrabawa. Ya zaunar da Baba a layin furofesoshi. A ganina wannan shi ne shugabanci a jami'a. Tun 1988 Nijeriya take da manufar al'adu a rubuce, a shekarar ne ma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, amma sau da yawa masu sana'armu a bakin rumfa ake barin su, a tafa musu a sallame su. Alhali garin nan ne Babban Gwani, shahararren maginin nan na da, ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara, har yau masana gini na zuwa daga Turai su ga bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa. Nan ne kuma a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suna ɗalibai kamarmu, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa fasahar gida da ta boko.

Na gode wa malamanmu, da maɗinkan da suka kawo riguna masu aska takwas, da abokan karatuna da suka yi ta jido ruwa a bokiti. Inna, kin sayar da akuyarki kin ba ni kuɗin kayan aiki, Allah ya ba ni ikon kyautata miki. Wanda ban ambata ba ya yafe mini.

Bangon yana nan a harabar sashe har ƙarshen mako. Daren jiya ma an yi ruwa, na je da sassafe na duba, dagin bai motsa ba.